Akwatunan da Sa'adatu Ta Bari Babu Alama

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gasar Kacici-kacici ta Makarantun Cikin Gari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da yaranmu.

Ranka ya daɗe, bari in fara da wani abu da ya taɓa rikita ni, ina kuma zaton ya rikita da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa. Akan miƙa wa mutum fom, ya ga an jera masa "Mr" da "Mrs" da "Miss", a gefe an rubuta "delete as appropriate". Sai ya riƙe biro ya tsaya yana tunani: wanne zai soke, nasa ko waɗanda ba nasa ba? Ni dai ranar da na cike fom ɗin shiga kwalejin horon malamai, nawa na soke. Na ja layi a kan "Miss" da ƙarfina, na bar sauran biyun. Magatakardan da ya karɓa ya duba fom ɗin, ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni ko maigidan ne ya zo neman karatu ko uwargidan. A lokacin na ci Turanci da kyau, ina rubuta insha'i shafi biyu ban tsaya ba, amma kalmomi uku suka kayar da ni. Abin da ake so shi ne mutum ya soke waɗanda ba su shafe shi ba, ya bar nasa. Ba wanda ya taɓa faɗa min.

Ni malamar Turanci ce a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Gwale, gidanmu kuma a Shahuci. Ni na kawo 'yan mata uku, Rabi da Zainab da Sa'adatu, jarrabawar share fagen gasarku da aka rubuta ranar Asabar, mako uku da suka wuce.

Kafin in kai ga ƙorafina, sai na yi godiya, domin ba da ɓacin rai na ɗauki biro ba. Rabi da Zainab sun haye. Wannan ne karo na farko da sunan makarantarmu ya wuce matakin share fage. Ranar da labarin ya iso, shugabar makaranta ta sa aka kaɗa ƙararrawa ba lokacin tashi ba, ta tara yara a fili ta sanar, 'yan aji ɗaya har da rawa. Mai sayar mana da awara a bakin ƙofa ta ce ranar kowace malama ta ɗauki biyu kyauta. Wannan farin ciki ku kuka jawo mana shi, ba kuma zan bari ƙorafi ya shafe shi ba.

Amma Sa'adatu ba ta haye ba, ita ce kuwa mafi ƙoƙari a cikin ukun. Sakatarenku ya shaida min cewa ranar Litinin mai zuwa za ku kafa sunayen waɗanda za su zauna zagayen baki da baki, kuma da zarar an kafa, ba a sake taɓawa. Shi ya sa na rubuto yanzu. Na kuma rubuto a fili ne domin na gano ba mu kaɗai abin ya shafa ba, ina son sauran malamai da iyaye su karanta.

Na farko, abin da ya faru da takardarta.

Da sakamako ya fito na je ofishinku na nemi ganin takardar. Sakataren, dattijo mai fara'a, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min ruwa, ya binciko min ita. Sashe na farko tambaya ashirin ne, kowace da amsoshi huɗu, kowace amsa da ɗan akwati a gefenta. A sama an rubuta "Tick the correct option". A wannan sashe an ba Sa'adatu sifili. Na duba, akwatunan duka fes, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Amma a ƙarƙashin kowace tambaya ta rubuta amsarta cikakkiya, da rubutunta mai kyau kamar an buga. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a gaban sakataren. Goma sha tara daidai ne. Guda ɗaya ta kuskure, kan babban birnin wata ƙasa.

Na tambaye shi yadda aka yi mai dubawa bai ga wannan ba. Sai ya ciro min wani kwali mai huda-huda daga aljihun tebur. Ya ce takardun suna da yawa, don haka ana ɗora kwalin ne a kan takarda, hudojin su faɗa daidai kan akwatunan amsar gaskiya, a ƙirga inda aka ga alama. Dabara ce mai kyau, na yaba. Sai dai kwalin ya rufe duk abin da yarinyar ta rubuta. Mai dubawa bai zalunce ta da gangan ba, ta hudoji ashirin ya leƙa, bai ga komai ba. Sakataren ya ɗaga kwalin, ya karanta amsoshin, ya girgiza kai yana murmushi, ya ce rubutun nan ya fi nasa kyau, amma shi ba shi da ikon canza maki, sai shugaba.

Washegari na kira Sa'adatu bayan an tashi. Na yi zaton ba ta san kalmar "tick" ba ce. Ashe ta sani sarai. Ta zana min alamar a kan tebur da yatsa. Na ce to me ya hana ta sa ta a akwatunan? Ta sunkuyar da kai ta ce:

"Malama, ai alamar daidai ta malami ce. Ta yaya zan ba kaina daidai tun ba a duba ba? Na ɗauka akwatunan na mai dubawa ne."

Ranka ya daɗe, na san daga inda wannan tunani ya fito. Mahaifinta malamin makarantar allo ne a zauren gidansu. Tun tana ƙarama abin da take gani shi ne ɗalibi ya rubuta allonsa cikakke, ya kai wa malam ya duba, malam ne zai ce ya yi ko bai yi ba. Ba ɗalibin da ke yanke wa rubutunsa hukunci. A makarantarmu ta boko ma haka muke. Ba mu da injin buga takarda, a kan allo muke rubuta tambayoyin jarrabawa da alli, yara su kwafa su rubuta amsa cikakkiya. Alamar daidai da jan biro muke sa ta, mu malamai. Ni da kaina na taɓa tsayar da yarinya a gaban aji domin ta sa wa aikinta wannan alama kafin in karɓa, na ce mata wannan ha'inci ne. Sa'adatu tana ajin ranar. Rabi da Zainab sun tsira ne kawai domin yayan Rabi yana da littafin tsofaffin tambayoyi, a can suka saba ganin akwatuna.

Saboda haka wani kaso na laifin nawa ne, na kuma ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da nahawu da insha'i da fahimtar karatu, ban taɓa ware darasi guda don kalmomin da ake rubutawa a saman takardar tambaya ba.

Na biyu, kalmomin da ke kan takardarku.

A nan zan ɗan yi tsauri, a yi min afuwa. Takarda ɗaya ce, amma kowane sashe da irin umarninsa, kamar mutum huɗu ne suka rubuta ba su haɗu ba. Sashe na biyu cewa ya yi "Indicate your choice", wato ka nuna zaɓinka. Ka nuna ta yaya? Rabi ta zagaye amsoshinta, Zainab ta ja layi a ƙarƙashi, Sa'adatu ta rubuta nata cikakku kamar yadda ta saba. Wannan sashe da ido aka duba shi, ba da kwali ba, aka kuma karɓi duka ukun. Ina roƙon ka lura da wannan: hanyar da aka ba ta cikakken maki a kanta a sashe na biyu, ita ce aka ba ta sifili a kanta a sashe na farko.

Sashe na uku ya ce "Put a cross against the right answer". A wajen yaranmu alamar giciye alamar kuskure ce, ita muke sa musu da jan biro idan sun faɗi. Wani abokin aiki da ke koyarwa a Ƙofar Ruwa ya faɗa min cewa ɗalibansa biyu sun sa alamar a kan amsoshin da ba daidai ba, suka bar ta gaskiyar da tsabtarta, domin hannunsu ya ƙi ɓata abin da suka san daidai ne. A bayan takardar kuma akwai 'yan tambayoyin jin ra'ayi kan irin littattafan da yara ke so, an rubuta "Rank the following". Ana nufin a jera su da lamba, ɗaya ga wanda aka fi so, biyu ga mai bi masa. Zainab ta ce min kusan duk layin da ta zauna alamar daidai suka sa wa kowanne, domin duka suna so. Ban san abin da kwamiti zai tsinta daga waɗannan amsoshi ba.

Na uku, abin da muka yi a mako biyun nan, wanda shi ne ya fi min daɗin faɗa.

Na ajiye darasin da na tsara, na rubuta kalmomin umarni a gefen allo, na hana mai shara ta goge. "Tick", sa alamar daidai a cikin akwati. "Circle", zagaye. "Underline", ja layi a ƙarƙashi. "Cross out", soke abin da ba a so. "Fill in the blanks", cike gurbin da aka bari. "Match", haɗa abu da abokinsa da layi. Na ƙara musu waɗanda ke zuwa da sharaɗi: "Tick one box only", akwati ɗaya tak, da "Tick all that apply", duk wanda ya dace, ko biyu ne ko uku. Sai "Answer any three questions", inda yarinya mai ƙoƙari kan amsa duka biyar ta ɓata lokacinta, alhali uku kawai za a duba.

Ban sa su hadda ba. Muka mai da abin wasa. Na zana akwatuna a ƙasa da alli, in na ce "circle" sai ƙungiya ta riƙe hannu ta zagaye yarinya ɗaya, in na ce "underline" sai wata ta ja tsintsiya ta ƙarƙashin ƙafafun masu tsaye, in na ce "match" kowa ta ruga neman wadda ke riƙe da rabin jimlarta. Malamin lissafi da ke ajin kusa ya leƙo ya ce ko dai biki ake yi ba a gayyace shi ba. Muka miƙa masa alli muka ce "cross out", ya soke sunan kansa a jadawalin shara, yara suka yi ta dariya.

Sannan na ce kowace yarinya ta tsara takardar jin ra'ayi tata da Turanci, tambaya biyar, kowace da umarninta a sama, ta je gida ta tambayi manya, tana fassara musu. A nan suka koyi abin da ni ban iya koya musu da baki ba, wato wahalar rubuta umarni mai kyau. Zainab ta tambayi kakarta, Hajiya Yagana, wadda iyayenta suka zo daga Barno, abincin da ta fi so, ta rubuta "Tick one box only" a kan tuwon shinkafa da burabusko da dambu. Tsohuwar ta ƙi. Ta ce burabusko na uwarta ne, tuwon shinkafa na mijinta marigayi ne, ba jikar da za ta sa ta zaɓi tsakanin uwa da miji a kan takarda. Zainab ta lallaɓa, ta ƙi. Ƙarshe yarinyar ta soke umarnin da kanta ta rubuta "Tick all that apply", kakar ta karɓi biro ta sa alama biyu, ta ce dambu ya jira wata shekarar. Da Zainab ta ba da labarin a aji, ban ƙara bayanin bambancin umarnin biyu ba, kowa ta riƙe.

Rabi kuwa ta rubuta wa kawunta mai ɗinkin hula "Indicate your favourite colour", domin ta kwaikwayi takardarku. Shi kuma ya ɗauko zare kore ya ɗora a kan takardar ya ce ga shi ya nuna. Ta dawo tana cewa lallai kalmar nan ba ta faɗin abin da za a yi.

Wadda na fi jira ita ce Sa'adatu. Ta kai wa mahaifinta tata takardar bayan la'asar, da ɗalibansa suka tashi. Ta ce ya sa ta karanta masa umarnin ta fassara, sannan ya tambaye ta dalilin wannan aiki. A nan ta ba shi labarin akwatuna ashirin, wanda ta ɓoye masa saboda kunya. Ta ce ya yi dariya har ya cire tabarau. Washegari ya rako ta makaranta da kansa, ya tsaya a ƙofar ofishin malamai muka gaisa, ya ce min ya ji daɗi da 'yarsa ta ƙi yabon kanta, amma ya gyara mata wuri ɗaya. Ga abin da ya ce ya faɗa mata:

"Wanda ya tsara takardar shi ne malaminki a wannan rana. In ya ce ki sa alama, sa alamar shi ne ladabi."

Tun daga ranar Sa'adatu ce ke tsara mana takardar gwaji ta safiyar Juma'a. Da hannu take zana akwatunan, da rula, tana rubuta misali guda a saman kowane sashe domin 'yan aji ɗaya. Ba ta fasa zaman shirin gasa da Rabi da Zainab ba ko rana ɗaya. Ita ke riƙe littafi tana yi musu tambayoyi, in sun kasa ta ba su amsa ba ta duba ba. Da na ce mata zan rubuto maka, ta roƙe ni kada in nema mata alfarma, in ce kawai a karanta takardar.

To ga buƙatuna, ranka ya daɗe.

Ina roƙon ka sa a ɗauko takardar Sa'adatu kafin ranar Litinin, a duba sashe na farko da ido, ba da kwali ba. In amsoshin ba daidai ba ne, na janye maganata a fili kamar yadda na faɗe ta a fili. In daidai ne, a ba ta makinta, ko da za a rage wani abu saboda rashin bin umarni, a ga ko abin da ya saura ya kai ta kujerar zagayen baki da baki. Ina roƙon a yi haka ga duk takardar da ta sami sifili a sashe guda alhali ta yi kyau a sauran, har da na yaran Ƙofar Ruwa. Ba za su yi yawa ba, aikin yini ɗaya ne.

Ina roƙon kwamiti ya tsayar da 'yan kalmomin da kowa ya saba da su, ya riƙe su shekara bayan shekara. Kowane umarni ya faɗi abin da hannu zai yi: sa alama, zagaye, ja layi, cike gurbi. A bar "indicate" da 'yan uwanta. A sa misali guda da aka riga aka amsa a saman kowane sashe. A aiko wa makarantu jerin kalmomin tare da takardar gayyata, shafi ɗaya ya isa, mu kuma mu koyar. Kafin a ce a fara, mai tsaron jarrabawa ya karanta umarnin da ƙarfi, ya nuna a kan allo sau ɗaya. Minti biyar ne, ba amsa ya ba kowa ba.

Ba sai ka yarda da ni ba tukuna, ka gwada da kanka. Ka ɗauki takardar gasar nan guda da ba a rubuta komai a kai ba, ka miƙa wa wani a gidanka wanda ka san ya iya Turanci, kada ka yi masa bayani, ka zauna ka lura da inda bironsa zai tsaya. Malamai da iyayen da ke karanta wannan, ku ma ku rubuta tambaya biyar yau, kowace da umarni dabam, ku ba yaro ku kalli hannunsa. In kuma kana da sarari ranar Juma'a da safe, ƙofar ajinmu a buɗe take. Za mu ba ka benci a layin gaba da biro shuɗi, ka amsa takardar da 'yan matan suka tsara. Sun ce in gaya maka ba ta da wuya, amma su za su duba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin 'ya'yan mutane, ya sa wannan gasa ta zama alheri ga yaran garinmu. Allah ya albarkaci zuriyarka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Taka a hidimar ilimi,
Malama Falmata,
malamar Turanci, Shahuci, Kano.